Masu bugun zane na Finlan da Istoniya: wa zan fara dubawa?

Ɗalibar Zane: Salamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aiki kan yadda masu bugun zane, wato masu sassaƙa hoto a katako ko ƙarfe su buga shi a takarda, suka ɗauko tatsuniyoyin Finlan da danginsu. Don Allah wa zan fara dubawa? Kayan aikina katako ne da wuƙar sassaƙa kawai.

Malam Mai Tawada: Wa alaikumus salam. Fara da Akseli Gallen-Kallela, mai zane ɗan Finlan. Amma kafin nan ki san Kalevala, waƙoƙin baka da Elias Lönnrot ya tattaro ya buga a 1835, ya faɗaɗa a 1849. Zane-zanen da Gallen-Kallela ya fi shahara da su daga can ya ɗebo. Ki nemo hoton faɗan da aka yi a kan Sampo, wani abin tsafi mai kawo arziki, inda tsohuwa Louhi, sarauniyar ƙasar Arewa, ta rikiɗa ta zama tsuntsuwa ta dira kan jirgin ruwa. Ya yi shi da fenti, ya kuma sassaƙa shi a katako.

Anti Mai Ɗab'i: Malam, a yi mini afuwa, ni wannan mai fenti ne da ya ɗan taɓa bugu. In bugu ake magana, Kaljo Põllu na Istoniya ne gwani. Mezotin yake yi: a sa farantin jan ƙarfe ya yi kaushi gaba ɗaya har ya zama in an shafa tawada baƙi ƙirin zai fito, sannan a bi a goge wuraren da ake son haske. Shi ya sa a jerinsa na Kodalased za ki ga tsuntsun ruwa da beyar suna ɓullowa daga duhu a hankali. Ƙasar da dare ke daɗewa da sanyi, dabarar ta zauna mata daram. Daga 1978 kuma ya riƙa jan ɗalibai zuwa wurin al'ummomi dangin Finlan da Istoniya da ke cikin Rasha, su zano kayansu da idonsu.

Ɗalibar Zane: Anti, me ya sa tsuntsun ruwa?

Anti Mai Ɗab'i: A Kalevala daga ƙwan agwagwa aka yi duniya, ƙanwata. Ta saka su a gwiwar Ilmatar, aljanar iska da ke kwance a kan teku, suka faɗa ruwa suka fashe, ɓawon ƙasa ya zama ƙasa, na sama ya zama sama.

Baban Khalifa: Duk kun manta ta ce katako gare ta. Mezotin sai da injin matsa. Ki dubi John Savio, mai bugun katako, ɗan ƙabilar Sami daga Norwe, ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 36. Barewarsu ta ƙanƙara, karnuka, kerkeci, galibi baƙi da fari. Dusar ƙanƙara ma farar takarda ce ya bari. Irin wannan da bayan cokali za ki murza ya fito.

Malam Mai Tawada: Shi ai rayuwar makiyaya ya fi yi, tatsuniya kaɗan ce.

Baban Khalifa: Haka ne, Malam. Labarin ta ɗauko wajen Põllu, yankan wuƙa ta koya wajen Savio.

Ɗalibar Zane: Na gode, Allah ya saka. Wace irin takarda ce ta fi shan tawada in da cokali ne?