Wace waya ce ta dace da wufa?

Mai_Falo: Assalamu alaikum jama'a. Ina da wufa mai amfilifaya a cikinta, zan haɗa ta da babban amfilifayan falo. Wayar da ta zo da ita gajera ce, ni kuma a lungu bayan kujera nake son ajiye ta, tazarar ta kai mita 6. Mai sayarwa sai cusa min yake yi wata mai bakin zinare, wai ita ke fito da nauyin sauti. Gaskiya ne ko dabarar kasuwa?

Tsohon_Gyara: Wa alaikumus salam. Dabarar kasuwa ce, malam. Zinaren nan tsatsa kawai yake hanawa. Tunda wufarka na da amfilifayanta, siginal mara ƙarfi ne ke tafiya, kuma sauti mai nauyi ne kawai, yawanci bai wuce daga Hz 20 zuwa 120 ba, kowace wayar RCA ta kirki (mai zagayayyen baki da tsinke a tsakiya, irin ja da farin nan na sauti) za ta ɗauke shi. Abin dubawa shi ne rigar cikinta. Ka nemi mai saƙar jan ƙarfe da ta lulluɓe zaren tsakiya sosai, irin ta ohm 75, bakinta kuma ya kama ramin gam, ba ya rawa. Ko kebul ɗin dish, RG6, idan aka sa masa bakin RCA yana yi. Daga ramin Sub Out na babban amfilifaya zuwa ramin LFE (na sauti mai nauyi) da ke bayan wufar, shi ke nan.

Ɗan_Kiɗa: Ni a ganina gara ya sayi waya mai kauri, lamba 12 ko 14 a ma'aunin kaurin waya. Siririya tana cinye ƙarfi.

Tsohon_Gyara: A'a ɗan'uwa, wannan maganar wufa ce marar amfilifaya, wadda ake jona wa wayar sifika. A can kam kauri na da amfani. Tasa ba irinta ba ce.

Yar_Lantarki: Ƙari kan na Baba Tsohon_Gyara. A mita 6 abin da ya fi damun mutane ƙugi ne, "uuum" ɗin da ba ya ɗaukewa ko an rage murya. Kada ka kwantar da wayar kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta, in dole ne su haɗu, su gitta juna. Idan ƙugin ya ƙi, zare kebul ɗin dish daga talabijin ka saurara, sau da yawa shi ne mai laifin. Amma don Allah kada a karya ƙafa ta uku ta filogi, ita ke kare mutum daga jan wuta.

Mai_Falo: Na gode ƙwarai. Bayan wufar ramuka biyu ne, ja da fari. Wanne zan sa?

Yar_Lantarki: Wanda aka rubuta LFE ko Mono a jikinsa. In babu rubutu, sa a farin, ɗaya ya isa.