Tayar 504 ɗina tana gugar madigadi, babu sauran bakaniken da ya san motar nan a Kaduna

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Peugeot 504 ɗin nan salun da kuka sani, ta Baba Allah ya ji ƙansa, na faɗa rami da ita a hanyar Rigasa da daddare bayan an ɗauke ruwa, ramin ya cika taf ba ka ganinsa, ji kake gwaram ta gaban dama. Tun daga ranar in na karya sitiyari ko na shiga gargada sai tayar ta riƙa gugar madigadi har ka ji ƙaurin roba. Na kai wa wani bakanike ya ce shokazoba ce, na sayo biyu sababbi ya ɗaura ya karɓi kuɗinsa, ban kai gida ba ta ci gaba da gugar. Da na koma wai in bari ya ɗan buɗa madigadin da guduma. Guduma fa! A jikin mota orijinal 'yar Faransa modal 1988, ba haɗin gida ba. Ni dai na faɗa, babu sauran wanda ya san 504 a garin nan, duk 'yan cire-ka-sa ne.

Ɗan Kakuri: Allah ya ji ƙan Baba. Amma tsaya tukuna, me kake nufi da orijinal? Wato wadda aka haɗa a PAN, kamfanin haɗa Peugeot na nan Kakuri, jabu ce kenan?

Baban Ummi: Ni ban ce jabu ba, amma kowa ya san ƙarfen ba ɗaya ba ne.

Ɗan Kakuri: Kowa wa? Babana a wajen ya yi aiki har ya yi ritaya. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, injin da giya a cikin akwatuna suke zuwa daga Faransa, a nan ake ɗaurawa, kuma wadda aka haɗa a nan ita aka yi wa hanyoyinmu. Sannan bari in gaya maka abin da ba za ka so ji ba, a 1983 aka daina yin salun ɗin 504 a Faransa. In dai taka 1988 ce to wallahi 'yar Kakuri ce, je ka buɗe bonet ka karanta farantin.

Baban Ummi: Kai yanzu ka fi ni sanin motar ubana?

Alhaji Na Barnawa: Gaskiya Ɗan Kakuri bai kyauta ba, mutum ya zo da damuwarsa ka tare shi da shekara. Ni ma na riƙe 'yar Faransa, ko ƙofa ka rufe sautin daban ne.

Ɗan Kakuri: Alhaji da girmanka, sautin ƙofa ba hujja ba ne.

Oga Mai Sifana: Ku bar maganar Faransa a duba mota. Baban Ummi, shokazoba ba ita ke riƙe tsayin mota ba, sifirin ne ke ɗauke da nauyi, ita aikinta ta hana lilo kawai, shi ya sa ka canza ba ka ga canji ba. Tunda gefe ɗaya ke guga kuma bayan faɗawa rami ya fara, wani abu ne ya lanƙwashe ko ya ja baya. Ga abin da za ka yi da kanka ba sai ka biya kowa ba. Ajiye ta a daɓe mai kyau, miƙe sitiyari, ɗauko tef na tela ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. Salun tana ba da kamar santimita 274. In na dama ya gaza na hagu da santimita ɗaya ko fiye, to tayar ta koma baya, ko lowa am, wato ƙarfen ƙasa mai riƙe ƙafar tayar, ya lanƙwashe ko bushin ɗin sandar da ke riƙe shi ya mutu. Sai kuma ka auna daga ƙasa zuwa bakin madigadi duka gefen biyu, in dama ta zauna to sifirin ya karye ko ya saki, sau da yawa zagayen ƙasa ne ke ɓallewa ba ka gani sai ka sa hannu. Ka shafa alli a kafaɗar tayar ka ɗan zagaya unguwa, duk inda allin ya manne a ciki nan take ci.

Mai Flatbut: Duk wannan wahalar a kan akwala. Ka sayar ka nemi Mercedes 230, ka faɗa ramin da ya fi wannan ka wuce ko a jikinta.

Baban Ummi: Wa kake ce wa akwala? Motar da ta kai mu Zariya ta kai mu Jos tun muna yara?

Direban Kawo: Mai Flatbut kai dai ba ka da aiki sai neman magana. 504 ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, je ka tambaya. Mu da muka yi lodin wagon daga tashar Kawo zuwa Kano mun san abin da motar nan ta ɗauka, fasinja cike, but cike, kariya a sama, ta je ta dawo rana ɗaya. Taka in famfon mai ya tsaya sai ka sayar da akuya.

Mai Flatbut: To ai ka faɗa da bakinka, motar haya ce. Tawa ta manya ce.

Direban Kawo: Motar haya? Gwamnoni da kwamishinoni me suke hawa a lokacin? Kai yaro ne shi ya sa.

Mai Flatbut: Kar ka sake ce min yaro, ba ka san shekaruna ba.

Ɗan Kakuri: Kuma waɗanda gwamnatin ta hau ɗin duk haɗin Kakuri ne, wato su ba orijinal suka hau ba kenan a wajen Baban Ummi.

Alhaji Na Barnawa: Orijinal na nufin inda aka ƙirƙiri abu. Faransa ta ƙirƙira a 1968, mu ɗaurawa muka yi. Meye abin faɗa a nan?

Ɗan Kakuri: A'a Alhaji, orijinal kishiyar jabu ce. In ka je siyan faya ko filogi ka ce a ba ka orijinal me kake nufi, wanda aka yi a garin mai kamfani ko wanda ba na bogi ba? Kamfani ɗaya, zaki ɗaya a hanci.

Alhaji Na Barnawa: To me ya sa a da in za a sayar ake cewa 'yar Faransa ce a ƙara kuɗi?

Ɗan Kakuri: Raina namu ne kawai, ciwon da ya kashe mana masaƙun Kakuri kenan.

Oga Mai Sifana: Baban Ummi ka auna? Kuma wace lamba ce a jikin tayarka?

Baban Ummi: Ban samu tef ba tukuna Oga, amma na sa hannu a bayan tayar, ta hagu yatsu huɗu suna shiga, ta dama biyu da ƙyar. Taya kuma 195R14C ce, mai faci ya ce ta fi jure rami.

Oga Mai Sifana: To ka gani. Wannan tayar bas ce. Salun da 175 R14 ta zo, taka ta fi ta faɗi da santimita biyu, ta fi ta tsayi da kamar uku, dama can ta cinye filin da ke wajen, ramin ya zo ya ƙarasa. Amma yatsu biyu da huɗu ba laifin taya ba ne, ƙafar ta ja baya. A ɗaga ta a jak, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, in tana motsi boljoin ne ko boris, ka kama hagu da dama, in tana motsi tayarod ne. A kwance lowa am na dama a jera shi da na hagu a ƙasa, ido ma zai nuna maka. A duba inda ya ɗauru a jikin kurosmemba ko fenti ya tsage ko ƙarfen ya tattare. Alaimen shi ne na ƙarshe, in ka yi shi a kan ƙarfe lanƙwasasshe kuɗinka ka zubar. Kuma dan Allah kar ka hau babban titi da ita a haka, bakin madigadi yana yanka gefen taya, ta fashe maka a guje ba wasa ba ne. Amma maganar da ka yi cewa babu bakanike a Kaduna ka janye ta, ba ka zagaya ba ne, akwai dattawa a Panteka da sun kwance motar nan tun kafin a yaye ka.

Baban Ummi: Oga ban da kai a ciki.

Ƙaramin Bakanike: Ban da shi, mu kuma fa? Kullum bakanike ne mai laifi. Ku ne za ku zo ku ce a yi mai sauƙi, a ce a kwance ƙafa ku ce ba kuɗi.

Baban Ummi: Wanda ya ɗauko guduma dai ba ni na aike shi ba.

Mai Flatbut: Har yanzu ina jiran Direba ya janye yaron da ya ce min.

Admin: Toh ya isa haka, dare ya yi. Abin da aka tsayar: na ɗaya, 504 haɗin Kakuri orijinal ce cikakkiya, Ɗan Kakuri ya kawo shekaru babu wanda ya iya musawa, sautin ƙofa kuma ba hujja ba ne. Na biyu, motar Baban Ummi tamu ce ta gida, ya yi alfahari da hakan. Na uku, wanda ya kira 504 akwala ya san ba wajensa ba ne nan. Batun guga kuma ya bi abin da Oga ya ce.

Alhaji Na Barnawa: Admin ba a tsayar da komai ba, kai ma ɗan Kakuri ne kowa ya sani. Ko farantin ba a buɗe an gani ba.

Baban Ummi: Ba zan buɗe ba. Oga, in lowa am ɗin ne, a miƙe shi da wuta ko in nemi na kwance?

Oga Mai Sifana: Na kwance, kar ka yarda a sa masa wuta. Ka tafi da naka a hannu a gwada tsayi da ramukan kusoshi kafin ka biya.