Neman kalma: wane suna za mu ba akwatin CCTV, da kallonsa daga nesa?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum jama'a. Yau da buƙata na zo, amma ba ta kuɗi ba ce.

Kawuna yana da shagon shadda a Kantin Kwari, da sito a wata unguwa daban. Bara aka sa masa kyamarori huɗu a siton. Da damina ɓarayi suka shigo ta rufi, suka kwashi diloli, suka haɗa da wani ɗan baƙin akwati da ke kan kanta kusa da talabijin. Da safe Kawu ya zo, ya ɗaga kai ya ga kyamarorinsa huɗu suna nan daram, ya ce alhamdulillahi, a sauko da su mu ga fuskar 'yan banzan. Ni aka bari da aikin gaya masa cewa babu komai a cikinsu, duk abin da suka gani yana cikin akwatin da aka yi gaba da shi. Ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, "To don me ba wanda ya taɓa faɗa mini akwatin nan shi ne dukiyar? Ni fa na ɗauka dikoda ce."

Ban ga laifinsa ba. Kyamara muka ba suna, ita kowa ya sani. Akwatin kuwa DVR muke ce masa, haruffa uku da ba su gaya wa Kawu komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu za mu sake haɗawa, har da yadda zai riƙa ganin siton a wayarsa ko yana Makka. Da mai haɗawar ya ce za a yi masa "rimot", sai ya tambaya ko irin na talabijin ne mai batiri biyu. Don haka ina neman sunan akwatin, da sunan wannan gani daga nesa. Wanda dattijo zai ji sau ɗaya ya gane.

Mai Haɗa Kyamara:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar wa Alhaji da alheri. Sana'ata ce, bari in fara warware muku kayan kafin a raɗa suna.

Akwatin iri biyu ne. DVR yana aiki da kyamarori masu waya irin ta dish, kowace da wayarta har bayan akwatin, wutarta kuma daban, galibi bolt 12. NVR kuma na kyamarorin intanet ne. A yawancinsu waya ɗaya ce ke kai wa kyamara wuta ta dawo da hoto, amma kada tsawonta ya wuce mita 100. Cikin kowannensu akwai faifan ajiya irin na kwamfuta, nan hoton yake zama. Kayan kamfanonin Hikvision da Dahua, 'yan birnin Hangzhou na China, su suka cika kasuwarmu.

Ga lissafin da masu shago ba sa tambaya. Kyamarar da aka saita a megabit 2 kowace daƙiƙa tana cin gigabait 21 da ɗoriya a kwana guda. Huɗu ke nan 86. Faifan terabait 1 zai kai ka kwana 11 zuwa 12, daga nan sabon hoto ya fara hawa kan mafi tsufa. Mutum ya zo mini bayan wata guda wai in nemo masa wanda ya ɗauki kuɗi a aljihun tebur, in ce masa Alhaji an daɗe da shafe wannan ranar.

Suna kuwa, ni dai rikoda nake ce wa kwastomomina.

Tsohon Ɗan Jarida:
Ɗana, rikoda tana da mai ita. Duk wanda ya haura shekara arba'in, ka ce masa rikoda, kaset zai gani da biro ana juya shi. Kawun yaron nan zai sake ɗaukar akwatin a matsayin kayan nishaɗi, mun koma gidan jiya.

A ɗakin labarai "na'urar naɗar hotunan bidiyo" muke rubutawa, kuma daidai ne a labarai. Sai dai ba wanda zai tsaya a bakin shago ya ƙwala wa yaronsa kira ya ce "Kai, ka kunna na'urar naɗar hotunan bidiyo?" Mun sha wannan darasin. Mun yi shekaru muna cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa, jama'a suka yi mana shiru suka ci gaba da kwamfutarsu. Amma tauraron ɗan'adam ya zauna, jirgi mara matuƙi ma ya zauna, don da ka ji su hoton abin ya faɗo maka a rai.

Kuma ina roƙo kada wani ya ɓata lokaci wajen fassara CCTV kalma da kalma. Ma'anarsa talabijin mai rufaffiyar hanya, wato hoton ba ya fita ga kowa sai wanda wayar ta je wurinsa. Irinsa Jamusawa suka yi amfani da shi a 1942 don kallon harba rokar V-2 daga inda wuta ba za ta same su ba. To tun 1996 da kamfanin Axis na Suwidin ya fitar da kyamarar da ake haɗawa da intanet, hanyar ta buɗe. Sunan ya tsufa ko a bakin masu shi. Kyamarar tsaro ta wadatar, mu bar ta haka mu nemi na akwatin.

Malama daga Damagaram:
Baba, ina wuni. Mu nan kamera muke cewa, amma matsalar ɗaya ce, akwatin ba shi da suna. Ni da na karanta labarin Alhaji, rumbu ne ya zo mini. Gona kowa na ganinta, amma abinci yana rumbu. Ba manomin da zai kafa rumbunsa a bakin hanya ya tafi ya kwanta. Da tun farko an ce wa Alhaji "ga idanu huɗu, ga rumbunsu", ai da kansa zai ce a ɗauke shi daga kan kanta. Kuma ba baƙuwar magana ba ce, muna jin "rumbun adana bayanai" a rediyo.

Ɗalibi daga Zariya:
Malama, da girmamawa, akwai gyara. Rumbu in ya cika ya cika, sai a gina wani. Wannan kuwa ba ya cika, zubar da tsoho yake ya zuba sabo. In ka ce rumbu, mutum zai zaci hoton bara ma yana nan. Me ya hana ma'adana ko taska?

Malama daga Damagaram:
Ƙanena, ma'adana ma ba ta zubar da kaya, taska balle. Duk sunan da ka kawo sai ka ƙara bayanin nan. Kuma ka taɓa ganin rumbun da ba a ɗiba? Ana ci ana zubawa, na bara ake fara cinyewa. Sai ka ce masa rumbunka na kwana goma sha ɗaya ne, in kana son na wata guda ka sayi babba. Wannan lissafi ne da kowane magidanci ya iya tun kafin a haife mu.

Mai Haɗa Kyamara:
Wallahi Malama kin sauƙaƙa mini ciniki. "Rumbun kwana nawa kake so?" ya fi "tera nawa?" shiga kunne. Kuma ya rufe DVR da NVR gaba ɗaya, bambancinsu damuwata ce ni mai jan waya.

Ya kuma warware mini wata. Akwai tsarin da hoton ke tafiya ta intanet ya zauna a kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, ana biya duk wata. Da Turanci "cloud" ake ce masa, na ga masu fassara shi da gajimare. Ka ce wa ɗan kasuwa ya biya kuɗi a ajiye masa shaidarsa a gajimare, ka ga irin kallon da zai yi maka. Yanzu sai in ce rumbun gida da rumbun nesa. Ɓarawo ya ɗauke na gida, na nesa na nan. Da Alhaji na da shi, da an ga fuskokin.

Ɗan Kwari:
Rumbu ya zauna mini. Saura gani a waya.

Autan Zaure:
Leƙe mana! Manhajar leƙe. Kana Dubai kana leƙen shago.

Malamin Islamiyya:
Auta, a'a. Leƙe a Hausa ba ya rabuwa da rashin kunya: leƙen katanga, leƙen asiri, leƙen tukunyar wani. Kuma suna yana koya wa mutum yadda zai yi da abu. Allah ya hana mu bin diddigin asirin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma ya tabbata a hadisi cewa saboda gani aka wajabta neman izini kafin shiga gida. Na taɓa shiga sulhu tsakanin maƙwabta biyu, ɗaya ya kafa kyamara a saman bene, tana kallon ƙofarsa amma rabin hoton tsakar gidan maƙwabcinsa ne, inda iyali ke wanke-wanke ba lulluɓi. Shi bai yi da nufi ba, amma yaransa na gani a waya. Da ƙyar aka kashe wutar, sai da aka sunkuyar da kan kyamarar. Kada mu ba abin sunan da zai halatta wannan.

Tsohon Ɗan Jarida:
Malam ya yi gaskiya. Zuciyata ta so tsinkaya, kalma ce mai kyau, sai dai jikokina ba su san ta ba. Hange ya fi kusa. Abin da kake gani alhali ba ka wurin, shi ne hange, kuma aikatau ɗinsa a shirye yake: "Na hango sito a waya." "Hango mana shago, an buɗe?" Ba a ƙirƙiri komai ba. Kada dai a ce hangen nesa, wannan ya riga ya zama na masu tunanin gobe.

Mai Haɗa Kyamara:
Baba, na karɓa, har da karin maganarsa: hangen Dala ba shiga birni ba. Ina da wanda ya kalli ana fasa masa shago ƙarfe biyun dare yana otal a Legas, ya kira mutum shida ba wanda ya ɗauka. Kafin a sa maka hange, ka tanadi wanda za ka tasa daga barci.

Ɗan Kwari, ga abin da hange ke buƙata. A haɗa rumbun da rauta mai layin data, wato na'urar da ke raba intanet, a sauke manhajar kamfanin a waya, Hik-Connect ko DMSS, a ɗauki hoton lambar da ke jikin akwatin, shi ke nan. Amma rumbu da rauta da kyamarori duka su hau inbata ko sola, don ɓarawo ya fi kowa sanin lokacin ɗauke wuta. Sannan a canza kalmar sirrin da kayan suka zo da ita. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi kyamarori da akwatunan da aka bari da kalmar sirrin kamfani, ta tara su aka kai hari da su, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. In ka bar 12345, ba kai kaɗai ke hange ba.

Akwai kuma saitin da ke sa rumbu ya naɗa ko ya turo saƙo sai in wani abu ya gifta. Ni jin motsi nake ce masa, ko da yake da ido yake yi. Yana rage cin rumbu da data sosai. Illarsa, hasken da kyamara ke gani da shi cikin duhu yana jawo ƙwari, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a bakin gilashin, iska na kaɗawa waya na ƙara har asuba.

Autan Zaure:
Ashe yanar gizo ta gaske ce ke hana Alhazai barci.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai. Jiya da yamma na je wurin Kawu na ce masa: kyamarorin tsaro huɗu, rumbun gida na wata guda, rumbun nesa mai jin motsi, da hange a waya. Bai ce in maimaita ba. Abin da ya tambaya kawai, nawa ne hayar rumbun nesan, kuma wa ke riƙe da makullinsa. Daga nan ya kira yaronsa ya ce a nemo kafinta, a yi wa rumbun gida wuri a cikin silin inda iska ke shiga.

Rauta ce har yanzu yake kira "mai ƙahon nan".

Malama daga Damagaram:
A bar masa. Ta gidanmu ƙaho huɗu gare ta.