Yayana ya sayar da filin da na ba shi amana: yaya zan haɗa haƙƙina da zumunci?

Baƙon Jidda:
Assalamu alaikum. Ni mutumin Madani ne a ƙasar Sudan, kakanninmu daga garin Mai Wurno suka taso, amma na daɗe ina aikin tuƙi a Jidda. Na sayi fili a gida, na yi wa yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, takardar tawkili, wato ta wakilci, domin ya tsaya a kan ginin, kuma duk wata ina tura masa abin da ya sawwaƙa, shi kuma yana aiko mini da hotunan gini yana tashi. Lokacin da yaƙi ya ci Madani a Disambar 2023, iyalinmu suka gudu Gadarif. Sai bayan da sojoji suka karɓe garin a Janairun 2025, matata ta je duba gidan, ta tarar da wani mutum a ciki da takardunsa cikakku, domin tun kafin yaƙin yayana ya sayar masa da filin, kuma ginin da nake gani a hoto na mai sayen ne.

Bai nemi gafarata ba har yau, cewa kawai yake yi bashi ne ya taso shi gaba. Mahaifiyarmu tana kuka tana cewa in bar wa Allah. Asarar kuɗin ba ta hana ni barci kamar tuna cewa duk ranar da ya aiko hoto ya san ƙarya yake yi mini. Shin na yi laifi idan na daina yi masa magana, kuma in na nemi haƙƙina na yanke zumunci ke nan?

Dattijo daga Makka:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya mayar maka da alheri. Gaba tsakanin Musulmi ba ta halatta fiye da kwana uku, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim, balle ga wanda kuka sha nono ɗaya; saboda haka ka riƙa yi masa sallama, ka gaishe shi da Salla, ka tambayi lafiyar iyalinsa. Amma neman haƙƙi daban yake da gaba, kuma mutanenmu suna yawan cakuɗa su, har a wayi gari wanda aka cuta ne ake wa faɗa. Ka duba Suratu Yusuf: a aya ta 91 'yan'uwansa suka amsa cewa su masu laifi ne, a aya ta 92 ya ce babu zargi a kansu. Yayanka bai kai ga amsa laifi ba tukuna, kuma dattawan gidanku ne ya kamata su kai shi can.

Wata uwa daga Kasala:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina so a dubi wani wuri. A danginmu an yi irin wannan a kan gonar gado, aka ce kowa ya yi shiru saboda tsohuwa. Tsohuwa ta rasu, 'yan'uwan biyu ma suka bi ta, amma ga 'ya'yansu nan ba sa zuwa sunan juna, kuma yawancinsu ba su ma san asalin rigimar ba, sun dai tashi sun ga iyayensu mata ba sa gaisawa. Shirun bai kashe maganar ba, gadonta kawai ya bar wa yara. Ɗan'uwana, ka lallashi Inna, ka nuna mata cewa zaman da za a yi yanzu tana raye shi ne zai hana jikokinta rabuwa. Kuma ka ja wa matarka kunne da taushi kada ta riƙa zagin baffan yara a gabansu, ko da yake na san ita ma zuciyarta a ƙone take.

Ɗan Gadarif:
Kafin komai ka je ƙaramin ofishin jakadancin Sudan da ke Jidda ka soke tawkilin nan, domin muddin yana aiki, zai iya sa hannu da sunanka a wani abin. Ka tattara shaidar duk kuɗin da ka tura, ko ta Bankak, manhajar banki ta waya, ko ta hannun mutane, da saƙonninsa da hotunan. Sannan a kira judiyya, wato zaman sulhu na gargajiya, ajawid, dattawa masu sasanci, su zauna: baffanninku, limamin unguwa da wani dattijo da yayanka yake jin nauyinsa. A rubuta bashin da shaidu, kuma ka roƙi a ƙiyasta shi da riyal ɗin da ka tura, saboda kuɗin Sudan ya zube ƙwarai tun da aka fara yaƙi a Afrilun 2023. Kotu ta zama mataki na ƙarshe.

Baƙon Jidda:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba, zan kira shi ranar Juma'a in yi masa sallama, ko da muryata ba za ta saki ba. Babban baffanmu yana Sinnar, kuma shi kaɗai ne yayana ba ya iya ɗaga wa murya, don haka da shi zan fara magana kafin in sanar da Inna.