Neman shawara: ɗakin gem a ƙasan gida, ta ina zan fara?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidan da muka koma a Columbus, jihar Ohio, yana da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ƙafa 14 a 22, tsayin rufinsa ƙafa 7, daɓen siminti ne tsurarsa. Ina son mayar da shi ɗakin gem irin na da, wato injinan nan masu tsayin mutum da ake jefa wa kwabo, kamar guda shida in Allah Ya yarda. Na riga na sayi Ms. Pac-Man, tana gareji. Tana tashi, amma wani duhu yana bin hoton a hankali, kuma takan koma farko ana tsakiyar wasa. Wani kuma ya yi mini tayin Galaga da arha, ana jin sautinta amma babu hoto. Ɗakin yana ɗan warin danshi idan an yi ruwa, soket huɗu ne a ciki, duk a kan bireka ɗaya. Ta ina zan fara? Galagar nan ta cancanci saye? Kuma in cire tsofaffin kwalaben talabijin ɗin in sa sikirin na zamani ne?

Injiniyan Gini:

Wa'alaikumussalam, Allah Ya sanya albarka a gidan. Baban Ummi, bar injin nan a gareji tukuna. Warin da kake ji shi ne aikin farko, domin da yawan akwatunan nan an haɗa su da filawud da katakon dusa, wato garin katako da aka matse da gam. Katakon dusa idan ya sha ruwa kumbura yake yi ya rududduge, kuma ba ya komawa yadda yake ko ya bushe.

Ka yanko leda mai kauri, ƙafa 2 a 2, ka manne gefunanta huɗu da salatif a kan daɓen, wata kuma a jikin bango. Bar su kwana biyu. In ka ga raɓa a ƙarƙashin ledar, ruwan daga ƙasa yake tasowa ta cikin siminti. In a samanta raɓar take, iskar ɗakin ce ke da laima. Ta biyun sauƙi gare ta: injin tsotse danshi mai cire fant 50 na ruwa (wajen lita 24) a yini, ka saita shi tsakanin kashi 45 da 50 cikin ɗari, ka jona masa tiyo zuwa magudanar ƙasa don kada bokitinsa ya cika ya kashe kansa kana wurin aiki. Ta farkon kuwa daga waje ake fara maganinta. Duba indararon rufi, ka tabbata yana zubar da ruwa nesa da tushen gini, ƙasar gefen gida kuma ta gangara waje. Idan akwai ramin famfon kwashe ruwa a kusurwar ɗakin, zuba masa bokiti biyu ka ga ko zai tashi da kansa, sannan ka sa masa na ko-ta-kwana mai batir. Lokacin da ake tafka ruwa da iska shi ne lokacin da wuta ke ɗaukewa.

Kada ka shimfiɗa kafet kai tsaye a kan siminti, fumfuna za ta yi gida a ƙarƙashinsa. Ledar daɓe mai kama da katako ta fi, kuma tura injin a kanta ya fi sauƙi. Kowane inji ya zauna a kan ƙafafunsa huɗu na ƙarfe masu zare, ka warware su har gindin akwatin ya bar ƙasa da kamar inci ɗaya.

Tun da yara za su riƙa daɗewa a ciki, sayi kayan gwajin iskar radon, wata iska mai cutarwa da ke tasowa daga ƙasa, kayan ba su da tsada. Ohio na cikin jihohin da take da yawa, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce in awon ya kai 4 pCi/L, ma'aunin da ake auna ta da shi, a ɗauki mataki.

Mai Wayarin:

Maganar wuta lissafi ne. Bireka mai amfiya 15 a kan bolt 120, abin da ake so ya ɗauka na dogon lokaci bai wuce kashi 80 cikin ɗari ba, wato amfiya 12. Injin gem mai kwalba yana jan amfiya ɗaya da rabi zuwa biyu. Shida za su cinye layin nan kaf, ga injin danshi da zai nemi biyar ko shida shi kaɗai. Ka sa a ja maka sababbin layuka biyu masu amfiya 20 da waya mai lamba 12, injina uku ko huɗu a kowanne, tsohon layin ka bar wa injin danshi da fitilu. Soket na ɗakin ƙasa dole ya zama mai kariyar GFCI, wato mai yanke wuta nan take in ta fara zurarewa. Famfon ruwan nan kada ya haɗa layi da kowa.

Kada ka ɗaure injinan gem ɗin duka a makunni ɗaya. A daidai lokacin kunnawa kowace kwalba tana fizgar wuta mai yawa na ɗan lokaci saboda wayar da ke goge mata maganaɗisu, to in shida suka fizga tare bireka zai faɗi ko da lissafinka daidai ne. Biyu-biyu ake kunna su. Sannan ka duba fulogin kowane inji: masu gidajen gem na da sun saba karya ƙafa ta uku, ta atin. In babu ita, ƙofar kwabo da farantin maɓallai suna iya jan mutum. Canja igiyar wutar gaba ɗaya, ba ta da wani kuɗi.

Malam Mai Gyara:

Baban Ummi, ciwon Ms. Pac-Man ɗinka sananne ne, kuma duhun da komawa farkon kusan kullum uwarsu ɗaya. Fanel ɗin Pac-Man na kamfanin Midway, wato allon lantarkin da ke ɗauke da gem ɗin, wanda ita ma a kansa aka gina ta, ba shi da akwatin wuta na daban. Taransifoma ce ke aiko masa da bolt 7 na AC, shi kuma ya mayar da shi bolt 5 a jikinsa. Wutar tana bi ta gidan fiyus, ta shiga ta bakin fanel mai haƙora 44. In ɗayan wuraren nan biyu ya yi tsatsa, sai ya yi zafi, wuta ta ragu, ka ga duhu na yawo a hoto, injin kuma ya riƙa tashi daga farko.

Cire fulogi, ka buɗe ƙofar baya. A ƙasan akwatin kusa da taransifoma za ka ga gidan fiyus huɗu, biyu masu amfiya 5, biyu masu amfiya 1. Kada ka tsaya gogewa, canja gidan da fiyus ɗin duka, maƙallansa sun saki tun tuni. Daga nan zare mahaɗin bakin fanel ka haska haƙoran da tocila. Za ka iya tarar da na gefe sun yi baƙi ko sun ƙone. Waɗanda suka dusashe kawai, robar goge fensir da ɗan sifirit sun isa. Waɗanda suka ƙone sai an ɗora musu sabon jan ƙarfe an yi soda, shi ma mahaɗin a sa sabo. Bayan haka ɗora mita a ƙafafun wata IC a kan fanel ɗin kana neman 5.0 zuwa 5.1. In har yanzu yana ƙasa, manyan kafasito na ɓangaren wuta sun bushe, a canja su.

Akwai wani wuri na uku da ita kaɗai ke da shi. Ms. Pac-Man ta 1982 tana da ƙaramin fanel da aka jona da faffaɗar waya mai ƙafa 40 a gurbin Z80, wato ƙwaƙwalwar babban fanel. In an gyara wuta amma tana ci gaba da komawa farko, musamman idan an bugi akwatin, wayar nan ce ko soket ɗinta.

Galaga kuwa saye ta, in akwatin lafiyayye ne. Sauti ba hoto na nufin fanel yana raye, talabijin ɗin ne ya mutu, kuma wannan ya fi sauƙin gyara nesa ba kusa ba, don fanel ɗin Galaga yana da wuyar sha'ani. Leƙa wuyan kwalbar ta baya a cikin duhu ba tare da ka taɓa komai ba. In ka ga ɗan jan haske, kwalbar na samun wuta. In shiru ne kuma samfurin Electrohome G07 ne, abin da aka saba gani shi ne filaibak, wato taransifomar da ke ba kwalbar babbar wuta, ya tsage, ya tafi da babbar taransisto da fiyus F901. Ukun nan tare ake canja su, da kafasito duka, waɗanda ake sayarwa a ƙulli guda da sunan kowane samfuri.

Yanzu gargaɗi. Kwalbar nan tana aiki da wuta wajen bolt 20,000, kuma tana riƙe saura bayan an kashe. Kafin a cire fanel ɗin talabijin sai an sauke ta: fulogi a cire, a ɗaura waya a jikin sukundireba mai hannun roba, ɗaya bakin a maƙala a ƙarfen da ke riƙe da kwalbar, hannu ɗaya a aljihu, a zura bakin sukundireban ƙarƙashin robar nan mai kama da kofi har ya taɓa ƙarfen ciki. Za ka iya jin ƙara, tas. A jira minti biyar a sake. In ba ka taɓa yi ba, nemi wanda ya saba ya yi na farko kana kallo. Kuma irin waɗannan talabijin ba a jona su kai tsaye da soket ɗin bango don gwaji, sai ta taransifomar da ke raba su da layin gida, wadda take ƙasan akwatin.

Ɗan Autan Zaure:

Da girmamawa Malam, amma ga mai farawa duk wannan ba wahala ba ce? Akwai fanel mai gem 60 a ciki, da Pac-Man da Galaga da Donkey Kong duka. Ya sa shi da sikirin na zamani, babu bolt 20,000, babu soda, yara su yi ta wasansu.

Malam Mai Gyara:

Ɗan Auta, shawararka tana da wurinta, amma ba a cikin waɗannan biyun ba. Fanel mai gem 60 tsarin JAMMA ne, wato tsarin wayari na bai ɗaya mai haƙora 56, wanda ya zo a tsakiyar shekarun 1980. Ms. Pac-Man da Galaga sun girme shi, saboda haka ko dai a sayi mahaɗin canji ko a yanke wayarin na asali, kuma ranar da aka yanke darajar injin ta faɗi. Sautinsa ma bai yi daidai da na asali ba, mai kunne zai ji. Shi kuma fanel na asali hoton 15 kHz yake fitarwa, sikirin na zamani ba ya karɓa sai da na'urar canji a tsakani, wadda ke kawo ɗan jinkiri tsakanin hannu da ido.

Abin da zan yarda da shi: cikin shidan, ɗaya ya zama na tarkace. A samo akwatin da aka riga aka sauya masa kamanni tun shekarun 1990, mai wayarin JAMMA, a sa masa duk abin da aka ga dama. Sai dai a kula da sanda. Pac-Man da Donkey Kong sanda mai kusurwa huɗu suke so. In ka ba su mai takwas irin ta Street Fighter II, za ka riƙa maƙalewa a kwana kana zargin hannunka.

Hajiyar Chicago:

Ba wanda ya yi maganar saukar da su, kuma a nan ake karya injin da ƙafar mutum. Kowanne ya kai kilo 110 zuwa 140, faɗinsa wajen inci 25, zurfinsa ya haura 30, tsayinsa kusan ƙafa 6. Auna ƙofar bene, ka auna kwanar da ke ƙasan matakala, ka auna daga matakala zuwa rufin da ke kanta, don a kishingiɗe injin zai sauka. Yanko kwali daidai girman gindinsa ka gwada juya shi a kwanar. Ka yi hayar kurar ɗaukar firji mai bel, ba ƙaramar ta kwali ba. Mutum biyu a sama, ɗaya a ƙasa yana tarewa, matakala ɗaya-ɗaya. Kafin a kwantar da shi a buɗe baya a tabbata kusoshi huɗu na talabijin suna nan daram, a fitar da akwatin kwabo da duk abin da ke yawo a ciki. Abu kaɗan ne zai faɗo ya fasa wuyan kwalba, kuma an daina ƙera su.

Wurin saye, ka fara kallon gindin akwati kafin hoto. Danna gefen ƙasa da yatsa, in ya lotsa ka wuce. Shinshina ciki saboda fitsarin ɓera, suna cin waya. In injin yana da batir a kan fanel, kamar Neo Geo ko Defender da Joust na kamfanin Williams, duba ko ya zubo koren gari a kan layukan. Fanel ɗin CPS-2 na kamfanin Capcom kuma in batirinsa ya mutu gem ɗin ba ya tashi sai an sake masa aiki.

A ɗakin, bar inci 6 tsakaninsu da bango don iska, da ƙafa 3 zuwa 4 a gaba don mai wasa da mai wucewa. Bangon ƙafa 22 zai ɗauki shida a jere har da rara. Fitilar rufi kada ta zauna a bayan mai wasa, gilashin zai riƙa maido masa da ita.

Baban Ummi:

Allah Ya saka da alheri, na manna ledar tun ɗazu. Tambaya ɗaya ta rage: in na so aika ɗaya gida Kano nan gaba, zai yi aiki da wutarmu?

Mai Wayarin:

Zai yi, amma ba kai tsaye ba. Wutar gida bolt 230 ce, injin na 120 ne, sai da taransifomar rage wuta mai wat 500, a gabanta kuma sitabilaiza, saboda hawa da saukar wuta da canji zuwa janareto su ke kashe talabijin ɗin. Bambancin 50 Hz da 60 ba ya taɓa gudun wasan, fanel ne ke ƙirga lokacinsa da kansa, sai dai taransifomar ciki za ta ɗan fi ɗumi. Tsohuwar fitilar saman akwati a musanya ta da LED. In ya isa ka ga launuka sun yi dabbare-dabbare, juya shi da aka yi ne: kashe shi ya huce rabin awa a inda zai zauna, ka sake kunnawa, sau biyu ko uku. Lokacin hunturu a rufe shi da zane idan ba a wasa, ƙura tana taruwa a kan filaibak ta jawo tartsatsi. Ka haɗa masa da ƙullin kafasito da filaibak na ajiya a cikin kayan, masu gyaran tsohuwar talabijin za su iya aikin in kayan na hannu.