Akwatin Baba, tsohon soja: ta ina za mu fara kafin rabon gado?

Ɗan Taura:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu makonni uku da suka wuce a ƙauyenmu da ke yankin Taura, Jigawa. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, ya bar aiki yana saje, ya dawo gida ya kama noma har ƙarfi ya ƙare. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku, mata huɗu. A akwatinsa na ƙarfe akwai littafin sallama, katin fansho, hotuna, kaki da lambobi, har da wata mai siffar tauraro da ake cewa ta kakanmu ce daga yaƙin Bama. Muna so mu rubuta tarihinsa saboda jikoki, kuma ba ma so rabon gado ya tarwatsa kayan. A taimaka da shawara.

Samanja Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Saje, Ya sa ya huta.

Ɗana, kafin komai ka nemo lambarsa ta aiki. A soja lamba ta fi suna ƙarfi, domin masu suna Audu Kano ko Musa Haɗeja sun yi yawa a rajista, kuma da dama sun shiga aiki da sunan gari maimakon sunan uba. Tana shafin farko na littafin sallama da kan katin fansho, akwai haruffan NA a jikinta. Ka kwafe ta a wuri biyu. Littafin zai nuna maka ranar shiga, ranar sallama, muƙami da runduna. Wannan shi ne ƙashin bayan tarihin da kuke son rubutawa.

Sai fansho. Ku daina taɓa asusunsa tun daga ranar rasuwa, ko da katin cirar kuɗi yana hannunku. Ku karɓi takardar shaidar rasuwa daga asibiti ko ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukuma, sannan wanda Saje ya rubuta a matsayin magajinsa ya sanar da Hukumar Fanshon Sojoji. Ofishinta yana Dutse-Alhaji a Abuja, ba Dutsen Jigawa ba, kada ku yi asarar kuɗin mota. Shugaban ƙungiyar mazan jiya na yankinku zai nuna muku hanya. Abin da ya fi kawo cikas shi ne saɓanin suna: littafin sallama ya ce Mamman, banki ya ce Muhammad. Idan haka ne sai an yi takardar rantsuwa a kotu.

Ku zazzage akwatin a hankali. Idan kun ga harsashi, kada yaro ya taɓa, kada a jefa a wuta ko masai; a sanar da dagaci a miƙa wa 'yan sanda. Kakin kuma na ajiya ne, laifi ne farar hula ya sa shi ya fita.

Malamin Tarihi Ringim:
Allah Ya gafarta masa. Wannan tauraron ku dube shi da kyau. Idan mai tsini shida ne, kalar tagulla, an rubuta Burma a zagayen tsakiyarsa, ƙyallensa ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe, to lambar yaƙin Bama ce. Amma Turawan Ingila ba su buga sunan mai ita a baya ba, saboda haka ita kaɗai ba ta shaida ko ta wane ce. Ku laluba ko akwai 'yar takardar sallamar kakanku a ƙasan akwatin, ta fi lambar daraja.

Sojojin Najeriya sun je Bama ne a cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, daga 1943 zuwa 1945, suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Shi ya sa ake da barikin Arakan da na Myohaung a Legas, da na Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen wurare ne a Bama. Barikin Bukavu na Kano kuwa sunan gari ne a Kwango, ƙasar da sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya daga 1960 zuwa 1964. In har akwai lamba mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya a akwatin, ku duba ranar shigarsa aiki, mai yiwuwa ya riga yaƙin basasa shiga soja.

Shi yaƙin basasa an fara shi 6 ga Yuli 1967, aka gama 15 ga Janairu 1970. Sunayen garuruwan da Baba yake yawan ambata za su gaya muku rundunarsa. Nsukka da Inugu, runduna ta ɗaya ce ta Muhammadu Shuwa. Binin, Asaba, Anacha da Abagana, ta biyu ce ta Murtala Muhammad. Kalaba da Fatakwal, ta uku ce ta Adekunle, wadda Obasanjo ya karɓa a 1969. Ana sauya wa soja runduna, don haka kada ku yi mamaki in sunayen sun cakuɗa.

Wajen tambayar dattawa, kada ka ce "ba ni labarinsa", za a ba ka yabo ne kawai. Tambayi abu ƙwaya ɗaya: wa ya raka shi tasha, a Zariya ya yi horo, da wane wata ya dawo, da kuɗin sallama ya sayi gonar fadama ko gada ya yi? Ka naɗa a waya, ka faɗi kwanan wata da sunan mai magana a farko. Inda baki biyu suka saɓa, rubuta duka biyun. Tarihin da aka goge masa rauni da tsoro da talaucin bayan sallama, jikoki ba za su gane mutum a cikinsa ba.

Almajirin Fara'ili:
Malam Ɗan Taura, Allah Ya ba ku haƙuri. Jerin yana nan yadda aka sani: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. A bashi ku tuna da na taki, da gonar da aka karɓi jingina a kanta, da ragowar sadaki in akwai.

Wanda aka rubuta magaji a takardar soja wakili ne na karɓa, ba mai dukiya ba. Duk abin da ya fito na marigayi ya shiga gado. Nan ne gidaje da yawa suke ɓaci.

Idan iyayensa ba sa raye, matan biyu suna da sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, su raba daidai. Ragowar a kasa goma, namiji kaso biyu, mace ɗaya. Misali in naira 800,000 ce ta rage: mata 100,000, kowacce 50,000, kowace 'ya 70,000, kowane ɗa 140,000.

Lambobinsa da kaki suna cikin gado, sai dai magada baligai suna iya yafe haƙƙinsu a bar su wuri guda. A rubuta, kowa ya sa hannu gaban dagaci da liman. In akwai ƙaramin yaro ba a yafe masa, a ƙiyasta a ba shi rabonsa. Tauraron kakanku kuwa, sai an tabbatar an ba Baba shi ne ko ajiya ce; in ajiya ce, baffanninku da gwaggwanninku suna da haƙƙi. Gona a bari a cire amfani da kaka kafin a sa igiya.

Gwaggon Yara:
Ɗana, ban ji an ambaci iyayenka mata ba. Yanzu suna cikin takaba, wata huɗu da kwana goma suna gida, kuma su suka san zaman bariki, da shekarun da albashi ke yankewa, da mafarkan da ke tayar da shi cikin dare. Ka sa 'yar'uwarka ta zauna da kowacce ita kaɗai. Gaban kishiya ko gaban maza ba za su saki baki ba.

Takardu kuma kada a kai su a manne da leda mai zafi, zafin yana iya lalata rubutun kuma ba a iya ɓarewa. A ɗauki hoton kowane shafi a inuwa, a tura wa mutum uku. A sa farar takarda tsakanin hotuna, a cire tsatsattsun ƙusoshin maƙala. Akwatin a ɗora shi kan bulo, nesa da bangon ƙasa saboda gara da danshin damina, a riƙa buɗe shi da hunturu ya sha iska. Lamba ba a goge ta da toka ko lemon tsami, busasshen ƙyalle ya isa, ƙyallenta kuma ba a wankewa.

Ɗan Taura:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yallaɓai Samanja, shafi biyu na littafin sun manne da juna. A jiƙa su?

Samanja Mai Ritaya:
A'a, ruwa zai tafi da rubutun. Ka bar shi a buɗe cikin ɗaki mai iska kwana biyu, sannan ka zura siririyar takarda mai ƙarfi daga gefen da ya ɗaga. In ya ƙi, ƙyale shi. Ka haska fitilar waya ta baya, yawanci ana iya karanta kwanan wata da hatimi a haka.