Muna son buɗe zauren ƴan mata a ƙauye ta wajen Jiratawa, ta ina za mu faro?

Maman Nana, Unguwar Zariya:

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ƙarama ce, a nan cikin Maradi muke. Mun samu ɗan tallafi da zai kai mu wata 9. Muna son mu riƙa tara ƴan mata masu shekara 10 zuwa 19 sau ɗaya a sati, a koya musu karatu da lissafi, lafiyar jiki da ƴar sana'a. Burinmu waɗanda ke lakwal su zauna, waɗanda suka fita kuma kada a aurar da su da ƙuruciya. Maigari ya yarda, har ya ba mu sunan yarinya 70. Masu sanin aikin, yaya ake tsara shi, kuma me ya fi kashe irin wannan zaure?

Jagorar Tasawa:

Wa alaikumus salam, Maman Nana. Allah ya dafa. Saba'in a zama guda ba zai yi ba. Ki raba su gida uku, kowane kada ya wuce 25, ƴan 10 zuwa 14 daban, ƴan 15 zuwa 19 daban. Muddin ƙanana na wurin, babba ba za ta buɗe baki kan haila ko saurayi ba.

Sunayen da maigari ya ba ki kuma ki karɓa da godiya, amma kada ki tsaya kansu. Galibi ɗiyan na kusa da shi ne ke cika irin wannan takarda, don mutane na zaton raba kaya za a yi. Marayu, ƴan riƙo da ɗiyan zangon da ke bayan gari ba sa shiga, alhali su aka fi saurin aurarwa. Mutum biyu su bi gida-gida su rubuta kowace yarinya, shekarunta, ajin da ta tsaya, da wanda ke riƙe da ita.

Babban abu shi ne jagora. Ta zama ƴar garin ko ta ƙauyen da ke maƙwabtaka, mai shekara 20 zuwa 35, wadda ke karanta Hausa ba gargada, kuma iyaye mata su zaɓe ta da kansu. In kika ɗauko ta daga birni, kuɗin kabu-kabu zai cinye hasafinta, ran da Gulbi ya kawo ruwa kuma babu zama. Ki haɗa ta da dattijuwa ɗaya da ake jin kunyarta, ungozoma ko matar liman, wadda za ta iya shiga kowane gida ta ce ina wance. A horar da jagora kwana 5 kafin a fara, sannan ku riƙa zama da ita duk ƙarshen wata, a biya ta ranar da aka ce. Wata biyu ba hasafi, zaure ya mutu.

Ki bar Oktoba ga shiri, ki buɗe a Nuwamba bayan an gama ɗaurin hatsi, ki rufe kafin shukar Yuni. Ki kauce wa Litinin da Juma'a saboda kasuwar Maradi, ki tambayi lokacin makarantar allo da Islamiyya kafin ki tsayar da rana. Zama awa ɗaya da rabi ya isa, bayan an gama daka, kafin ɗibar ruwan marece. Da azumi a maida shi hantsi. Wurin ya kasance da darni ko zana da salga, nesa da inda samari ke dafa shayi. Aji ɗaya na lakwal ya fi ƙofar gidan maigari.

Ki riƙe kayen kiran suna. Duk wadda ta yi fashi sau biyu a jere, a je gidansu cikin satin. Za ki tarar dalilin ɗaya ne cikin abubuwa uku: talla, baiko, ko an tura ta aikatau birni. Talla ce ta fi yawa. Uwa na lissafin cewa kowane zama ya hana ta cinikin yini, kuma ko dala arba'in ce ribar, da ita ake tara kwanoni da gadon aure. Duk tsarin da bai amsa wannan lissafin ba, wata na uku zai tarar da rabin tabarma ba kowa.

Tsohon Darakta:

Malama ta yi bayani. Ni zan taɓa na ƴan lakwal, Hajiya.

Ki samu kwafin doka mai lamba 2017-935 ta ranar 5 ga Disamba 2017, wadda ta shafi kare ɗiya mace da ke karatu da tallafa mata. Takardar ministoci ta 2019 da ta biyo ta ta ba yarinyar da ta yi aure ko ta samu ciki damar ci gaba da karatu. Dokar ba ta tsayar da shekarun aure ba, don haka kada ki ɗora mata abin da ba ta faɗa ba, amma tana ba darakta ƙafar tsayawa. Ki kai masa ita tun ranar farko, ki zauna da kwamitin kula da makaranta na CGDES da ƙungiyar iyaye mata ta AME. In AME ɗin suna ce kawai a takarda, farfaɗo da ita ya fi kafa wani sabon kwamiti.

Takardar haihuwa: ki duba ta kowace yarinya a Nuwamba. Wadda ba ta da ita ba za a karɓi takardunta na jarrabawa ba, kuma in wa'adin shelar haihuwa ya wuce sai da hukuncin kotu da shaidu. Ki tara sunayen ki kai ma'aikatar magajin gari, ki tambayi lokacin da alƙali zai fito zaman ƙauye. Wanda ya bari sai watan Maris ya makara.

Inda muka fi asarar ƴan mata shi ne tsakanin CM2, ajin ƙarshe na firamare, da ajin farko na kwaleji. CEG, wato kwalejin, na nesa, sai a ajiye yarinya gidan wani a Maradi ko Madarunfa. Wanke-wanke da raino su dawo kanta, ga Faransancin kwaleji ya fi ƙarfinta, ƙarshen shekara makinta ya kasa, a kore ta. Ta koma gida da damina, da kaka a ɗaura. Maganin ba mai tsada ba ne. In tafiyar ba ta wuce kilomita 6 ko 7 ba, keke, kuma su riƙa tafiya ƙungiya. In dole sai masauki, a zaɓi mace, a yi magana gaban shaida kan aikin da yarinya za ta yi da lokacin karatunta, a riƙa kai tiya 7 na hatsi da sabulu duk wata, don kada ta zama nauyi. A ƙara musu darasin Faransanci da lissafi sau biyu a sati. Waɗanda ba su wuce shekara 12 ba kuma ba su taɓa shiga aji ba, ki tambayi sufeton makarantu ko akwai ajin gaggawa na wata 9 a kusa, wanda ke maida yaro firamare.

Ki kuma leƙa salgar makarantar. In ba ƙyaure ba ruwa, budurwa za ta riƙa ɓacewa kwana uku-huɗu duk wata. Koya musu ɗinka ƙunzugu mai wankuwa ya fi raba audugar mata, wadda ke ƙarewa tare da tallafin.

Ɗan Gobir:

Ranka ya daɗe, Malam, ina tare da kai, sai dai takarda ba ta hana ɗaurin aure a ƙauye. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18, kashi 28 kafin 15, a jihar Maradi kuwa kashi 89. Kundin dokokin zaman jama'a ma 15 ya sa wa mace, 18 ga namiji, kuma yawancin aure ba ya bi ta gaban hukuma. Abin da kusan kowane gida ke yi, ba a shiga gari a kira shi laifi.

Maman Nana, uba da baffa ke ba da aure, kuma ban ga inda kika sa su a tsarinki ba. Yardar maigari ba yardarsu ba ce. Ki sa mazan ƙungiyarku su riƙa zama da magidanta 10 zuwa 12 da ake jin maganarsu, sau biyu a wata, irin makarantar mazaje da aka faro a Damagaram. Kada a buɗe taro da maganar daidaito ko ƴanci. Ku tuna majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan ƴancin mata a 2006, kunnen mutane a buɗe yake ga waɗannan kalmomi. A fara da doguwar naƙuda da yoyon fitsari, kowa ya san wadda aka kai asibitin yoyon fitsari na Danja. Littafin darasin ku ba liman ya duba shi kafin a fara, shafi-shafi. Abin da ya ce a gyara lafazinsa, a gyara. Maganar neman izinin budurwa kafin a aurar da ita tana cikin hadisi, daga bakinsa ya kamata ta fito.

In labari ya zo cewa za a aurar da wata, jagora ba ta tunkarar uba, don gobe a garin za ta kwana. Ta gaya wa dattijuwar da shugabar ƙungiya. A fara da uwa, sannan a aika wa uba wanda yake jin nauyinsa, sai maigari da liman, sai kwamitin kare yara na ƙauye in akwai. Ku roƙi a ɗaga, kada ku ce a fasa. Uba na iya cewa sai ta gama BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, ba tare da ya ji kunya ba. A yi sauri kafin a karɓi sadaki a raba goro. In an riga an kashe kuɗin manemi, maganar ta koma ta bashi, sai an nemo yadda za a maida. In duk ya ƙi, a je wurin sarki da ofishin jiha mai kula da mata da kare yara, su ke kai wa alƙalin yara. Amma in akwai duka, fyaɗe, ko yarinya ta fara maganar faɗawa rijiya, ba sauran zagaye-zagaye: hukuma nan take, kuma a fyaɗe a kai ta CSI, ƙaramin asibitin yanki, kafin awa 72 su cika, don maganin kariya daga cutar sida bayan nan ba ya aiki.

Ma'ajin Asusu:

Kan tallar da Malama ta ambata. Ki shiga ta hannun iyaye mata da asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta faro a nan jihar a 1991. Mata 20 zuwa 30, zubi kowane sati ko dala ashirin ce, akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, akwatin a gidan ta huɗu. Rance kada ya wuce ninki uku na abin da mace ta zuba. Maganar abin da ake ɗorawa kan rance ku warware ta da malamai tun farko, ta sha raba asusu. Kuma kada ku zuba kuɗin ƙungiya a ciki. Da an ji na furoje ne, biya ya tsaya.

Wata ƙura kuma, uwa ta samu jari ta ƙara tuyar ƙosai, sai talla ta ƙaru. Ku karkata ga abin da ake saye a gida: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sarin aya, kiwon jar akuya ta habbanaye, wato aron akuya har ta haihu a maida uwar. Keken ɗinki ɗai-ɗai ga kowace yarinya asara ce, teloli goma ba sa cin abinci a ƙauye guda, ƙarshensa ya shiga kayan ɗaki.

Maman Nana, Unguwar Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Cikin sunayen akwai 9 da suka riga suka yi aure. Mu cire su?

Jagorar Tasawa:

A'a, ki ware musu ranarsu. Kada ki haɗa su da budurwai, iyaye za su janye ɗiyansu. Izini wurin miji ake nema, amma ta bakin uwar miji, kuma a gayyace ta zaman farko ta ji da kunnenta. A yi zaman a cikin gida, su zo da goyonsu, a sa ungozomar CSI ta riƙa zuwa sau ɗaya a wata kan awon ciki, haihuwa a likita da tazarar haihuwa. Wadda aka cire daga aji bara ko bana, ki ba darakta sunanta tun yanzu ya ga ko za a maida ta.